RSRP da ƙarfinsa amma kuskure ya ƙi sauka: me yawan hanyoyin sigina ke yi wa data?

Ɗan_Sikana ya rubuta:

Assalamu alaikum, masana. Tambayata a kan abin da ake yawan gani ne a sakamakon gwajin zagaye da mota a tsakiyar gari, inda benaye suka yi cunkoso. A LTE (wato 4G) mai 1800 MHz, RSRP, ma'aunin ƙarfin siginar da waya ke karɓa, yana wajen −85 dBm, wanda a lissafi babu laifi. Amma SINR, ratar sigina a kan kutse da hayaniya, sai hawa da sauka yake tsakanin 3 da 15 dB cikin ɗan taƙaitaccen wuri, CQI, rahoton ingancin tasha da waya ke aika wa hasumiya, ya ƙi zama, ana ta maimaita aika ƙunshin data. A fili kuma, inda ake hango eriyar hasumiya da ido, RSRP ya fi haka rauni, har −98, amma data tana tafiya sumul.

Amsar da ake bayarwa kullum ita ce wai sigina tana iso wa waya ta hanyoyi da yawa. To, na ji. Lissafin nake so. Ta yaya wannan yake zama kuskure a bit? Me ya sa ƙara wa sel (sashen hasumiyar da ke yi wa yankin hidima) ƙarfi ba ya magance shi? Sannan a wajen aiki, da me za a tabbatar cewa shi ne sanadin ba wani abu dabam ba?

Malam_Zango ya rubuta:

Wa alaikumus salam. Fara da tsawon zango, wato nisan da ke tsakanin tudun igiyar rediyo da na gaba, don daga nan komai ya taso. A 900 MHz santimita 33 ne, a 1800 MHz santimita 16.7, a 3500 MHz bai kai 9 ba. Siginar da ta bar hasumiya ba ita kaɗai take isowa ba. Wata ta daki bango ta dawo, wata ta lanƙwaso ta kan rufin bene, wata ta tarwatse a jikin motoci da bishiyoyi. Eriyar waya ba ta zaɓe, tara su take yi gaba ɗaya. Idan igiyoyi biyu suka iso tudu a kan tudu, sun ƙarfafa juna. Idan hanyar ɗaya ta fi ta ɗayar tsawo da rabin zango, wato santimita 8 kacal a 1800, tudun wannan ya faɗa a kwarin waccan, sai su cinye juna. Shi ya sa ramukan sigina suke kusa-kusa, kusan kowane rabin zango akwai ɗaya, har matsar da waya tafin hannu guda yana iya canza ƙarfi da 20 dB.

Idan babu hanya kai tsaye tsakanin waya da hasumiya, sai tarin igiyoyin da suka yi ta karo kafin su iso, ƙarfin yana bin tsarin da ake kira na Rayleigh. Alkalumansa masu sauƙin riƙewa ne. Kusan kashi 10 cikin 100 na lokaci sigina tana ƙasa da matsakaicinta da 10 dB ko fiye. Kashi 1 cikin 100 tana ƙasa da 20 dB. Sau 1 cikin 1,000 tana ƙasa da 30 dB. RSRP ɗin da kake karantawa kuwa matsakaici ne: waya tana tattara awo na kimanin milisakan 200, a sake tace shi kafin a kai rahoto. Ramukan duk sun nutse a cikinsa.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. Ɗauki BPSK, mafi sauƙin hanyar ɗora bit a kan igiya, tsura, babu tsarin gyaran kuskure, ratar sigina a kan hayaniya 10 dB. Idan siginar a tsaye take, ba hawa ba sauka, kuskure kusan bit 4 ne cikin miliyan. Da wannan matsakaicin na 10 dB ɗin dai, amma a ƙarƙashin Rayleigh, kuskure ya zama bit 23 cikin 1,000. Ya ninka sau dubbai, alhali mita tana nuna maka ƙarfi iri ɗaya. Dalili shi ne kusan duk kuskuren a cikin ramuka yake faruwa. Lokacin da sigina take sama da matsakaici ba ta biyan bashin lokacin da ta faɗa rami, tunda bit ɗin da ya lalace ya riga ya lalace.

Batun ƙara ƙarfi ma daga nan amsarsa take. A tasha marar ramuka kuskure yana faɗuwa da gudu: 6.8 dB ta ba ka 1 cikin 1,000, 9.6 dB ta ba ka 1 cikin 100,000. Ƙarin da bai kai 3 dB ba, shi ya rage kuskure sau ɗari. A Rayleigh kuskuren kusan 1 ne a raba da ninki huɗu na ratar, don haka duk 10 dB da ka ƙara sau goma kawai take rage shi. Kana bukatar 24 dB kafin ka ga 1 cikin 1,000, sai 44 dB kafin 1 cikin 100,000. Wanda ya ninka ƙarfin sel, ya ƙara 3 dB ke nan, ya raba kuskure biyu kawai, kuma ya ƙara wa maƙwabtan sel kutse.

Abin da yake aiki shi ne a samu kwafin saƙon fiye da ɗaya, waɗanda ba za su faɗa rami lokaci guda ba. Eriya biyu masu zaman kansu, kowace tana da damar 1 cikin 10 ta shiga ramin 10 dB, damar su shiga tare 1 cikin 100 ce. A wancan misalin na 10 dB, idan aka haɗa rassa biyu yadda ya kamata kuskure ya sauko daga 23 cikin 1,000 zuwa ƙasa da 2 cikin 1,000. Rassa huɗu, kusan 1 cikin 100,000.

Filin da ka ambata kuwa, can akwai hanya ɗaya kai tsaye da ta fi sauran ƙarfi nesa ba kusa ba. Ƙananan ba su isa su cinye ta ba, ramukan ba su da zurfi. Shi ne tsarin Rice. Don haka −98 mai natsuwa ya kan fi −85 mai rawa.

Ɗan_Sikana ya rubuta:

Allah ya saka da alheri, Malam. Amma wannan lissafin na BPSK tsura ne. LTE tana da gyaran kuskure, ga OFDM, tsarin raba tasha zuwa siraran layuka, da aka ce don wannan matsalar aka kawo shi. Ashe bai kashe ta ba?

Hajiya_RF ta rubuta:

Rabinta ya kashe, ƙanena. Malam ya yi bayanin ramuka, saura batun jinkiri, kuma shi ne wanda OFDM ya zo dominsa.

Igiyar rediyo tana cin mita 300 a maikirosakan ɗaya. Kwafin da ya zaga ƙarin mita 600 zai makara da maikirosakan 2. Kamar mai magana ne a babban zauren da babu kowa: idan yana magana a hankali amsa-kuwwar ba ta dame ka ba, idan ya yi sauri sai wutsiyar kalmar farko ta hau kan ta biyu. A GSM bit ɗaya maikirosakan 3.69 ne, don haka makarar 4 ko 8 tana zuba bit a kan na bayansa. Maganinsu shi ne bit 26 sanannu da aka dasa a tsakiyar kowane aike, risiba ta auna tashar da su, ikwalaiza ta warware cakuɗar. Tana iyawa har wajen maikirosakan 16, kusan ƙarin hanya na kilomita 5. Abin da ya wuce nan ya zama kutse, RXQUAL ya hau 6 ko 7 (wato kuskure sama da kashi 6.4 ko 12.8 cikin 100) ko da RXLEV, ma'aunin ƙarfin sigina, yana cike. A 3G an juya abin: cif, ƙaramin gutsuren lambar da ake shimfiɗa bit a kai, ɗaya maikirosakan 0.26 ne, kimanin mita 78, sai risibar RAKE ta kama kowace hanya dabam ta haɗa su.

LTE ta raba tashar 20 MHz zuwa siraran layuka 1,200, tazarar kowane 15 kHz, sai kowace alama ta yi tsawon maikirosakan 66.7. A gaban kowace alama an liƙa kwafin wutsiyarta na maikirosakan 4.7, shi ne CP. Duk amsa-kuwwar da ta iso cikin wannan tazarar, wato ƙarin hanyar da bai wuce kilomita 1.4 ba, ba ta taɓa alama ta gaba. Amma fa ramukan ba su tafi ko'ina ba, sun koma kan firikwansi ne. Hanyoyi biyu masu bambancin maikirosakan 1 suna haƙa rami kowane 1 MHz, kusan 18 ke nan a faɗin tashar. Idan bambancin 5 ne, rami kowane 200 kHz. Ka ɗora na'urar duba firikwansi za ka ga saman tashar ya yi haƙora maimakon ya kwanta.

Wannan ba lallai ya zama sharri ba. Ana cuɗa bit ɗin ƙunshi a warwatsa su a kan layuka masu yawa, wasu su faɗa rami, mafi yawa su tsira, gyaran kuskure ya cike gurbin. Abin da ya fi wahala shi ne akasinsa. Duba samfuran tasha da 3GPP, masu tsara ƙa'idojin LTE, ke gwada wayoyi da su: EPA yaɗuwar jinkirinta nanosakan 43 ce, EVA 357, ETU 991. Faɗin da firikwansi ke tafiya tare kusan 1 ne a raba da ninki biyar na wannan adadin. A ETU kimanin 200 kHz, a EPA kusan 4.6 MHz. Ma'ana a cikin ɗaki, inda bangaye suke kusa, tashar 5 MHz tana iya nutsewa gaba ɗayanta lokaci guda, babu layin da zai ceci ɗan'uwansa.

Idan amsa-kuwwa ta zarce CP kuwa, nan ne kuskure yake samun wurin zama ya ƙi tashi. Misali, kwafi ya makara da maikirosakan 8, ƙarin hanya kilomita 2.4, daga dutse ko wani dogon bene mai gilashi can nesa, kuma yana ƙasa da babbar hanya da 6 dB. Abin da ya haura CP 3.3 ne, kashi 5 cikin 100 na alama, wanda ke mayar da kusan kashi ɗaya cikin goma na ƙarfin kwafin ya zama kutse. SINR ba zai wuce kimanin 17 dB ba ko nawa ka ƙara ƙarfi, tunda kutsen ma siginarka ce, tare suke hawa. 16QAM mai ɗaukar bit 4 a alama zai rayu, 256QAM mai ɗaukar 8 sai dai a ji labari. Wannan kwafin dai a 5G mai tazarar 30 kHz, inda alama take 33.3 kuma CP kusan 2.3, rufin ya sauko wajen 12 dB. Mutane suna mantawa da wannan idan suna kwafe tsarin eriyar 4G su ɗora wa 5G.

Akwai dogon CP na maikirosakan 16.7 a LTE, amma alamomi 14 na kowane milisakan sun koma 12, an yi asarar kusan kashi 14 cikin 100 a duk faɗin sel saboda wani lungu guda. Gara a sunkuyar da eriya ko a juya ta, a daina haska abin da ke dawo da siginar.

Baban_Eriya ya rubuta:

Bayanan nan biyu daidai suke, amma kafin a ɗora laifi kan yawan hanyoyi a fara wanke sauran waɗanda ake zargi. RSRP mai ƙarfi da SINR mai rauni a tsakiyar gari, mafi yawan lokuta kutsen maƙwabta ne. Buɗe abin da sikana ta ɗauka ka duba sel na biyu da na uku. Idan suna tsakanin 3 zuwa 5 dB da mai hidima, ga amsarka nan, aikin sunkuyar da eriya ne da gyaran fuskarta. Sai idan mai hidima ya yi musu nisa, 10 dB ko fiye, SINR kuma yana ta rawa, sannan a zo maganar su Malam.

Na biyu, ka kiyayi karanta BLER, kason ƙunshin da ya gaza, shi kaɗai. A LTE da 5G hasumiya da gangan take neman kusan kashi 10 cikin 100 na ƙunshi su gaza a aike na farko, HARQ, tsarin sake aika abin da ya gaza, ta maimaita. Idan tasha ta lalace ba BLER ke hawa ba, MCS, matakin yawan bit da ake ɗorawa a aike, shi ne ke sauka, daga 64QAM zuwa 16QAM zuwa QPSK, gudun data ya zube. Don haka BLER 10 tare da ƙaramin MCS yana nufin tasha ba kyau amma ana biye da ita. BLER 25 ko 30 mai ɗorewa yana nufin tasha tana canzawa fiye da yadda hasumiya ke samun labari.

Nan gudu ya shigo. Raba gudun waya da tsawon zango ka samu firikwansin Doppler. Mai tafiya a ƙasa, kilomita 3 a awa, a 1800 MHz: 5 Hz. Mota a kilomita 100 a awa: 167 Hz. Motar dai a 3500 MHz: 324 Hz. Lokacin da tasha ke ɗauka kafin ta canza kama kusan 0.423 ne a raba da wannan, wato milisakan 85, da 2.5, da 1.3. Tsakanin waya ta auna CQI, ta aika, hasumiya ta yi aiki da shi, milisakan da yawa sun wuce, ballantana idan an saita rahoton kowane 40 ko 80. Ga mai tafiya a ƙasa labarin sabo ne. Ga mota ya riga ya tsufa, an zaɓa mata 64QAM bisa tudun da ta bari baya alhali yanzu tana rami.

Mai tafiya a hankali ma yana da nasa ciwon. Ramin 10 dB a 167 Hz matsakaicin tsawonsa milisakan 0.8 ne, kafin maimaicin HARQ ya zo bayan milisakan 8 an fita. A 5 Hz ramin yana kai milisakan 26, aike na farko da maimaici biyu ko uku duk suna iya ƙarewa a cikinsa. Wanda yake zaune cak a rami kuwa sai abin da ke kewaye da shi ya motsa. Don irin waɗannan ne GSM ke tsallen firikwansi sau 217 a daƙiƙa, kuma tsallen ba ya amfani idan firikwansin da ake tsallakawa suna maƙale da juna.

Gwajin da zai raba maka su ba shi da wuya. Bi titi guda sau biyu, ɗaya a hankali ɗaya da gudu. Idan BLER ya hau da gudu kawai, tsufan CQI ne: a rage tazarar rahoto, a bar yanayin aike na TM4 mai dogaro da rahoton waya a koma TM3 ko TM2, a 5G a ƙara DMRS, sanannun alamomin auna tasha, cikin aike. Idan ka tsaya cak kusa da hasumiya SINR ya maƙale a wani adadi ya ƙi wucewa, buɗe hoton jinkiri na sikana ka nemi tsini bayan maikirosakan 4.7. Ka gan shi, ninka makarar da mita 300, ka samu ƙarin tsawon hanyar, ka koma taswira ka nemi abin da ya dace da ita. Kada ka manta da rifita, na'urar da ke karɓar sigina ta ƙarfafa ta sake watsawa. Matatun cikinta suna jinkirta sigina da 'yan maikirosakan, kuma inda siginarta ta haɗu da ta hasumiya da ƙarfi ɗaya, an ƙera amsa-kuwwa da hannu. Da alkaluman Hajiya, kwafi biyu masu ƙarfi ɗaya da tazarar 8 suna tsayar da SINR wajen 13 dB.

Sai kayan da ke kan hasumiyar kansu. Eriyoyin yau rassa biyu ne a cikin kwanso guda, ɗaya a +45° ɗaya a −45°. Ruwa ya shiga konekta ko kebul ya lanƙwashe, reshe ɗaya ya mutu, sel ba zai faɗi ba, RSRP ma ba lallai ya nuna wani abin tashin hankali ba, amma ribar rassa biyun da Malam ya lissafa ta tafi. Kwatanta ƙarfin da kowane reshe ke karɓa a tsawon yini. Bambanci mai ɗorewa na dB da yawa alama ce. Auna VSWR, ma'aunin ƙarfin da ke dawowa baya a kebul, wanda aka saba ɗaukar 1.5 a matsayin iyakarsa. A duba kuma ko an sarƙe kebul, reshe ɗaya na wannan sashe an kai shi eriyar wancan.

Malam_Zango ya rubuta:

Baban_Eriya, na yarda da duka, sai dai kada mai tambaya ya tashi da tunanin cewa burin shi ne a share yawan hanyoyi. MIMO, wato aika data da eriyoyi da yawa lokaci guda, da shi take ci. Kafin a aika rafin data biyu a kan firikwansi guda, dole hanyar eriya ta farko zuwa waya ta bambanta da ta biyu, kuma karo da gine-gine ne ke kawo bambancin. A fili fetal, in ba don rassan +45° da −45° ba, eriyoyin biyu da abu guda waya za ta gan su. Rassa huɗu a fili da wuya su ba da rafi huɗu, a cikin gari mai SINR mai kyau sun fi samu. Don haka a haɗa RI, adadin rafin da waya ta ce za ta iya karɓa, cikin abin da ake dubawa. RI da ya maƙale a 1 a wurin da SINR ya haura 20 dB, a tsakiyar benaye, ni reshen da ya mutu zan fara zargi kafin komai.

Ɗan_Sikana ya rubuta:

Na gode ƙwarai. Saura ɗaya: idan ana son matsakaicin ƙarfi na gaskiya don daidaita taswirar hasashe, awo nawa ya isa a ce an share tasirin ramukan?

Hajiya_RF ta rubuta:

Ƙa'idar Lee ake bi: a ɗauki matsakaici a kan tazarar zango 40, da awo 36 zuwa 50 a cikinta. A 1800 MHz mita 6.7 ke nan, a 900 MHz kimanin mita 13, a 3500 MHz mita 3.4. Idan ka gajarta, ramuka za su shigo cikin sakamakon. Idan ka tsawaita da yawa, za ka shafe inuwar gine-gine, wadda ita kake son taswirar ta kama. Ka lura da gudun mota: a kilomita 50 a awa kana cinye mita 6.7 cikin ƙasa da rabin daƙiƙa, don haka sikana tana bukatar awo 75 zuwa 100 a daƙiƙa a kan wannan tashar. Idan an loda mata tashoshi da yawa tana zagaya su, ba za ta kai ba, sai a rage tashoshin ko a rage gudu. Kuma a saita ta tana ɗauka bisa nisa, ba bisa lokaci ba, in ba haka ba duk tsayuwar da aka yi a danja za ta cika fayil da awon wuri guda.